Danshi a ƙarƙashin gida: yadda wani gida a Greensboro ya yi fama da shi daga 2022 zuwa 2024

Gidan da mutanensa

Gidan yana gefen birnin Greensboro a jihar North Carolina ta Amurka, garin da 'yan Nijar suke da yawa sosai, Hausawa da Zabarmawa. Maigidan ɗan wajen Maraɗi ne, ya daɗe yana haya kafin Allah ya hore masa ya sayi nasa a watan Maris na 2022, shi da uwargida da yara uku. Ginin shekarun 1970 ne, ba bene, faɗinsa wajen murabba'in ƙafa 1,300, wato kusan murabba'in mita 120.

Irin ginin can ba irin namu bane da ake cika ɗaki da ƙasa a zuba kankare a ɗora tayil. Gidaje da yawa a kudu maso gabashin Amurka ana tada ɗan gajeren bango ne na bulo a zagaye, a kafa ginshiƙai a tsakiya, sai a jera manyan katakai a kai a shimfiɗa daɓen katako. Tsakanin daɓen nan da ƙasa akwai sarari wanda mutum ba zai iya miƙewa a ciki ba sai dai ya yi rarrafe, a nan ake bi da fayif ɗin ruwa da wayoyin wuta da manyan bututun da suke kai iskar esi ɗakuna. A wannan gidan tsayin wurin ƙafa 2 ne da rabi ta gaba, ta baya ya ɗan haura ƙafa 3, ƙasan kuma jar laka ce irin ta yankin wadda ba ta shanye ruwa da wuri. A jikin bangon akwai ƙananan tagogin iska guda 10 masu raga, da wata 'yar ƙofa ta baya.

Kafin a saya an kawo mai duba gida kamar yadda ake yi, ya shiga ya fito ya rubuta cewa ledar da aka shimfiɗa a ƙasa ta yayyage kuma akwai alamar tsohon danshi, ya ba da shawara a gyara. Layi biyu ne cikin rahoto mai shafuka da yawa, kuma a Maris aka yi dubawar, lokacin wurin a bushe yake. Hankalin maigida duk yana kan rufi da injin esi saboda sune aka ce masa suna cin kuɗi.

Yuni zuwa Agusta 2022: wari ya fara

Uwargida ce ta fara ji. Wani wari kamar na kayan da aka jiƙa aka manta a bokiti, ya fi ƙarfi da asuba da kuma duk lokacin da esi ya tashi. Sai kuma ta buɗe kabad ɗin ɗakin baya ta tarar takalman fata na maigida sun yi funfuna kore-kore, dardumar sallah da ke ninke a ƙasan kabad ɗin ita ma ta ɗauki warin. Zuwa Yuli ƙofar banɗaki ta fara cijewa sai an dake ta da kafaɗa, katakon daɓen falo kuma gefunansa suka ɗan ɗago tsakiyar ta lotsa, in ka taka da ƙafa ba takalmi zaka ji tudu-tudu.

Abin da aka fara yi shine abin da kowa zai yi. Turaren wuta safe da yamma, wanke kabad da bilic, fitar da kafet rana. Aka sayi ƙaramin injin tsotse danshi aka ajiye a ɗakin baya, kullum bokitinsa yana cika ana zubarwa, ana jin daɗi ana cewa ai ga ruwan yana fita. Warin yakan lafa kwana biyu ya dawo. Ƙaramin yaron kuma ya kama tari da daddare, da aka kai shi asibiti likita ta tambaya ko akwai danshi ko funfuna a gidan, uwargida ta dawo ta ce, "Maigida, wannan abu fa ba daga ɗaki yake ba, daga ƙasa yake tasowa, don Allah a duba."

Satumba 2022: shiga ta farko

Maigida bai taɓa buɗe 'yar ƙofar nan ba tun da suka tare. Na raka shi ranar, muka sa takunkumi da safar hannu muka ɗauki tocila. Abin da ya fara tarbar mu shine iska mai nauyi mai sanyi-sanyi. Audugar gilashin nan mai ruwan hoda da ake cusawa tsakanin katakai don tare sanyi ta sha ruwa ta yi nauyi, wani wuri ta zazzago tana reto, wani wuri ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ta zama kamar tsumma. Bututun esi kuwa duk jikinsa ɗigo ne, in ka haska tocila sai kaga layin ɗigon ruwa a jere a ƙarƙashinsa, kowane yana jiran lokacin faɗuwa, kuma a ƙasa daidai saitin bututun laka ta yi ɗan rami-rami inda ruwan yake ɗiga. Katakan da ke ɗauke da daɓe sun yi fari-fari da baƙi-baƙi. Kusoshi duk sun yi tsatsa. A jikin bulo akwai wani farin gari kamar kanwa, wannan gishirin da ruwa yake bari ne in ya ratso bango ya bushe. A kusurwar baya ta hagu ƙasa taɓo ce, gwiwa tana nutsewa.

Ba a ɗauki wani mataki ba a lokacin, domin Oktoba na shigowa iska ta sauya, warin ya ragu, zuwa Disamba ya ɓace ƙofar banɗaki ma ta koma rufuwa lafiya. Gidan suka ɗauka abin ya wuce. Iskar hunturu ba ta ɗauke da ruwa sosai, katako ya sake ruwan da ya sha, shi ke nan abin da ya faru.

Mayu zuwa Yuli 2023: a buɗe tagogi, a sa fanka

Zafi na dawowa wari ya dawo, wannan karon ma ya fi saurin zuwa. Maigida ya yi tunani irin na wanda ya tashi a karkara, ya ce ai rumbu ma a kan duwatsu ake ɗora shi don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa hatsi ya zauna lafiya, to wannan ma iska ce ta yi masa kaɗan. Ya zagaya ya tarar tagogi huɗu cikin goman a rufe suke, wasu kuma ciyawa da furanni sun toshe su, ya buɗe duka ya sassare ciyawar, ya sayo fanka mai ƙarfi ya ɗaura a bakin taga ɗaya tana jawo iskar waje tana turawa ciki dare da rana. Kuma ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba, dokar ginin Amurka kanta ta daɗe tana cewa a bar tagar iska murabba'in ƙafa 1 ga kowace murabba'in ƙafa 150 ta ƙarƙashin gida, maƙwabcinsa ma dattijo Ba'amurke haka ya gaya masa, a buɗe da zafi a rufe da sanyi.

Abu ɗaya da ya ƙara a wannan lokacin shine ɗan ma'aunin danshi mai aiko da lamba zuwa waya, kuɗinsa bai kai dala 20 ba, ya rataye shi a tsakiyar wurin. Kafin a kunna fanka ma'aunin yana nuna kashi 80 zuwa 84 cikin 100. Bayan mako biyu da fanka sai ya koma 88, 90, wasu ranakun 93. Ɗigon jikin bututu ya ƙaru har ana ganin ruwa kwance a ƙarƙashinsa. Aka kashe fankar a ƙarshen Yuli.

Ga lissafin abin. A Yuli a North Carolina iskar waje takan kai digiri 30 da danshi kashi 70, irin wannan iskar in ta taɓa duk abin da sanyinsa ya kai digiri 24 ko ƙasa da haka sai ta sauke ruwanta ya zama raɓa. Ƙarƙashin gidan kuma yana zaune ne a wajen digiri 21 zuwa 22 saboda ƙasa tana da sanyi ga esi yana sanyaya daɓe daga sama, bututun esi ɗin ma ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba. To fankar tana ɗebo iska mai ɗumi cike da ruwa tana watsa ta a kan katako da ƙarfe masu sanyi.

Agusta 2023: leda, da masu gyara uku

Daga nan sai ya koma kan maganar ledar da mai duba gida ya rubuta. Ya sayo leda a shagon kayan gini, mai kauri mil 6 a ma'aunin leda na Amurka, wato wajen milimita 0.15, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi, shi da babban ɗansa suka shiga suka shimfiɗa ta a kan tsohuwar, ba su manne gaɓoɓin ba, ba su ɗaga ta jikin bango ba, suka danne da bulo nan da can. Lamba ta sauko zuwa 80 zuwa 82, an ɗan samu sauƙi. Amma da aka yi ruwa mai ƙarfi a ƙarshen wata sai ruwa ya shigo ta kusurwar baya ya hau kan ledar ya kwanta, kuma tunda leda ce ba inda zai tsotse, ya yi sama da mako yana nan.

Sai aka kira masu gyara. Na farko ya ce a naɗe wurin gaba ɗaya da leda mai kauri a sa injin tsotse danshi, bai ma zagaya wajen gidan ba. Na biyu kamfanin feshin ƙwari ne, ya ce a yi wa katako feshin maganin funfuna a ƙara tagogi biyu masu fanka. Na uku wani mai aikin kansa ne, ya fi su daɗewa a ciki, ya fito da ɗan na'ura mai allura biyu da ake sokawa a katako, ya nuna wa maigida lambobin da ya rubuta a jikin katakan da alli: 19, 21, 22, a kusurwar baya 27. Ya yi bayani cewa katako in ruwan jikinsa yana ƙasa da kashi 16 lafiya lau, in ya kai 19 zuwa 20 funfuna ta samu wurin zama, in ya doshi 28 zuwa 30 ya daɗe a haka to ruɓewa ce. Ya soka sukundireba a katakai biyu na kusurwar nan ta shige kamar a cikin burodi. Sannan ya ce kada a sayi komai tukuna, a jira ruwan sama, maigida ya ɗauki lema ya zagaya gidansa ana tsaka da ruwan ya ga inda yake bi.

Satumba 2023: daga ina ruwan yake zuwa

Ya yi hakan, kuma abin da ya gani ya ba shi mamaki don shekara ɗaya da rabi yana gidan bai taɓa lura ba. Indararon baya ya cika da ganye da siraran ganyen itacen fayin masu kama da allura, ruwa yana ambaliya ta samansa yana zuba a gindin bango kamar labule. Bututun da ke sauko da ruwan indararo a kusurwar baya ta hagu kuma a nan gindin bangon yake ƙarewa, ba a ja shi ko ƙafa ɗaya ba. Ƙasar wajen ita ma ta zauna tsawon shekaru, maimakon ta gangara ta bar gida sai ta gangaro wajensa, ga fulawowin da masu gidan na da suka shuka sun yi musu shinge da katako wanda ya zama madatsa.

Yawan ruwan ba wasa bane. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin gidan wajen murabba'in mita 130 ne, to in aka yi ruwan milimita 25, wato inci 1, lita 3,250 ce take saukowa daga rufin, jarka 130 ke nan ta lita 25, kuma kaso mai tsoka na wannan a kusurwa ɗaya yake zuba. Greensboro tana samun sama da milimita 1,000 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Maraɗi take samu, kuma ba damina ɗaya ba, kowane wata ana ruwa.

A ciki ma an gano abu biyu. Bututun injin busar da kayan wanki wanda ya kamata ya fita waje ya cire daga mahaɗinsa tun ba a san yaushe ba, duk wankin da aka busar tururinsa a ƙarƙashin gida yake ƙarewa, gida mai yara uku kuwa wanki ba ya yankewa, shaidar ita ce tulin audugar kaya da ta manne a katakan wajen. Sannan bututun esi ya tsage a gaɓa biyu, yana hura sanyi a wurin, ɗaya ɓangaren mai jawo iska kuma yana zuƙar iskar ƙasan yana rabawa ɗakuna. Wannan ne ya sa warin yake ƙaruwa in esi ya tashi. Ko ba tsagewar ma, iska mai ɗumi a cikin gida sama take yi ta fita ta silin, wadda za ta maye gurbinta kuma daga ƙasa take shigowa ta ramukan fayif da waya da tsagin daɓe.

Oktoba zuwa Nuwamba 2023: aikin, bi da bi

Waje aka fara, kuma maigida da 'yan uwa ne suka yi da hannunsu a ranakun Asabar. Aka kwashe dattin indararo, aka ƙara wa kowane bututun saukar ruwa tsawo, na kusurwar baya aka binne fayif aka kai shi ƙafa 10 daga bango inda ƙasa ta gangara. Aka cire shingen fulawa, aka kawo ƙasa aka cika gindin bango aka daddage ta yadda za ta sauka inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko, haka dokar gini ta tanada. Aka mayar da bututun injin busar da kaya da na ƙarfe aka fitar da shi waje. Bayan wannan sai aka dakata aka jira ruwa biyu masu ƙarfi. Kusurwar bayan ba ta ƙara tara ruwa kamar da ba, amma bayan ruwa na biyu an ga tana ɗan tsattsafowa ta gindin bulo, domin filin maƙwabci ya fi nasu tudu.

Saboda wannan tsattsafowar aka haƙa 'yar kwata a ciki ta bin bangon baya da na hagu, aka sa fayif mai huji-huji aka rufe da tsakuwa, aka kai shi wani rami a wuri mafi gangare aka saka injin jan ruwa irin sumo mai tashi da kansa in ruwa ya taru, da murfi mai rufewa ruf, fayif ɗinsa ya fita nesa da gida. Daga nan mai gyaran nan na uku ya karɓi aiki. Ya kwashe audugar gilashin duka da tsoffin ledoji da guntayen katako da kwalaye da aka bari tun zamanin gini, abincin gara ke nan. Aka goge funfunar jikin katako da buroshi da injin zuƙar ƙura, aka sa injin tsotse danshi ya yi ta aiki har katako ya sauko ƙasa da 16 kafin a rufe komai. Katakai biyun da suka ruɓe aka haɗa musu sababbi a gefe aka ɗaure da noti. Mai esi ya zo ya like gaɓoɓin bututu ya sake naɗe su.

Sai leda. Wannan karon mai kauri mil 12 ce, ninki biyun wadda ya sa a Agusta, mai zare a ciki, aka shimfiɗa ta ko'ina, kowace gaɓa aka ɗora inci 12 a kan 'yar uwarta aka manne da salatif ɗinta na musamman, aka naɗe ginshiƙai, aka hau da ita jikin bango aka kafe. Amma ba a kai ta har sama ba, an bar inci 3 na bulo a fili a ƙarƙashin katako, domin a North Carolina dole ne a bar wannan tazarar don mai duba gara ya iya ganin hanyarta in ta fara hawa. Aka toshe tagogin iska goman da allon soso aka like gefuna, aka manna allon tare sanyi a jikin bango maimakon a ƙarƙashin daɓe, aka toshe ramukan fayif da waya da kumfa, aka yi wa 'yar ƙofar roba a gefe. A ƙarshe aka kafa injin tsotse danshi irin na ƙarƙashin gida wanda yake iya cire wajen lita 40 a rana, aka ɗora shi a kan bulo, tiyonsa ya tafi ramin sumo ba sai an zubar da bokiti ba, aka saita shi ya riƙe danshi a kashi 55.

Abu biyu aka duba kafin a toshe tagogin. Na ɗaya, ko akwai wani inji mai ƙona gas a wurin, kamar na ɗumama gida ko tukunyar ruwan zafi, domin irin waɗannan suna buƙatar iska kuma in aka rufe su ba tsari hayaƙinsu mai kisa zai iya komawa cikin gida. Wannan gidan komai na lantarki ne. Na biyu, an yi gwajin radon, wata iska ce da take fitowa daga ƙasa ba ta da wari ba ta da launi kuma tana jawo kansar huhu in an daɗe ana shaƙa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a ɗauki mataki in ya kai 4 a ma'auninsu, na gidan ya fito ƙasa da haka, an sake gwadawa bayan an rufe ma haka.

2024: gwajin zafi da guguwa

Hunturu ba ya nuna komai, an riga an ga haka a 2022, don haka Yuni aka jira. Ma'auni ya tsaya tsakanin 52 da 58. A tsakiyar wata sai aka ga ya fara hawa, 63, 67, 70 cikin kwana huɗu. Da maigida ya leƙa sai ya tarar soket ɗin nan mai yanke wuta da kansa ya faɗi, injin a kashe yake. Ya danna ya dawo, washegari lamba ta sauko. Ba don ma'aunin da ke aiko wa waya ba da sai wari ya sanar da su.

A ranar 8 ga Agusta 2024 guguwar Debby ta ratsa North Carolina da ruwa mai yawa. Sumo ya yi ta tashi yana kashewa duk yinin, ana jin ƙararsa ta ƙarƙashin ɗakin baya. Da aka shiga bayan kwana biyu ledar a bushe take daga bango zuwa bango. A Satumba aka sake soka na'urar a katakan da har yanzu lambobin alli na bara suke jiki, inda aka rubuta 21 ya nuna 12, kusurwar baya inda aka rubuta 27 ya nuna 14. Daɓen falo ya kwanta sosai duk da akwai layi biyu kusa da taga da ba su koma daidai ba. Warin ya tafi, kabad ɗin baya an mayar da takalma. Tarin yaron ya ragu ƙwarai, sai dai a wannan shekarar an kuma sa shi a kan magani, don haka ba za a ɗora wa gyaran gida duka ba.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

A ganina ruwa ta hanya uku yake shiga wurin nan, kuma duk ƙoƙarin shekara ɗaya da rabi na farko ya faɗi ne saboda kowane yana tare hanya ɗaya ko ma babu. Akwai ruwan rufi da na fili mai kwarara, akwai tururin da laka take fitarwa kullum ko da ido yana ganinta a bushe, akwai kuma ruwan da iskar zafi take shigowa da shi ta tagogi. Turare da bilic da injin ɗaki ba su taɓa ko ɗaya ba. Ledar farko ta rage na biyu amma ta bar na ɗaya ya hau kanta. Fanka ita ce ta fi ɓarna, kuma wallahi ban ga laifin maigida a kanta ba, tunanin rumbu daidai ne a inda iska take bushe yawancin shekara, kuma a can ma abin da doka da maƙwabta suka koya masa ke nan. Sai da aka yi gwaji a kan gidaje na gaske wannan fahimtar ta fara sauyawa. A farkon shekarun 2000 wata cibiya mai suna Advanced Energy da ke Raleigh ta bi gidaje 12 iri ɗaya a garin Princeville, wasu da tagogin iska wasu a rufe, aka ga masu tagogi danshinsu yana haura kashi 80 a lokacin zafi, rufaffun kuma suna zama ƙasa da 60, har ma wutar da suke ci wajen sanyaya gida da ɗumama shi ta ragu. Yanzu dokar jihar ta yarda da rufaffen tsari in an cika sharuɗɗansa.

Abin da na fi ba wa muhimmanci shine jerin da aka bi. Da an ɗauki shawarar mai gyara na farko an naɗe wurin da leda mai tsada a Agusta 2023 ba a taɓa indararo ba, da ruwan kusurwar baya yana nan yana taruwa a ƙarƙashin farar leda inda ba mai ganinsa, ruɓaɓɓun katakai biyun suna nan, bututun busar da kaya yana hura tururi a wurin da aka toshe ko'ina. Aikin da ya fi arha, na shebur da tsani da fayif, shi ya ɗauke mafi yawan ruwan, kuma jiran ruwa biyu da aka yi kafin a ci gaba shi ya nuna cewa kwata da sumo a bango biyu kawai ake buƙata ba a zagaye gida duka ba. Mai gyara na uku ya fi sauran ne don ya auna katako kuma ya tura mai gida cikin ruwa ya gani da idonsa.

Akwai abin da ya rage. Rufaffen wuri ya dogara da wuta, in aka ɗauke ta lokacin guguwa sumo ba zai tashi ba a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, kuma har yanzu ba a sa masa batirin ko-ta-kwana ba, maigida ya ce sai kuɗi sun samu. Injin tsotse danshi yana ƙara kuɗin wuta a watannin zafi, matatarsa tana son wanki, kuma inji ne, wata rana zai mutu a sayi wani. Indararo yana son shara sau biyu a shekara saboda itatuwan bayan gida. Inshorar gida ba ta biya ko sisi ba, domin yawanci ba ta ɗaukar ɓarnar danshin da ya daɗe yana taruwa, duk kuɗin daga aljihu ya fita, har sai da aka ɗage tafiyar gida da iyalin suka shirya a 2023 zuwa wata shekarar.